Ladabi da suna: tarbiyyar Hausa a madubin Kwanfusiyus

1. Gabatarwa

Tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a arewacin birnin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, ƴan ƙasar Sin suka daina zama mutanen labari ga mazauna wannan jaha. An gan su a kasuwa, an yi aiki a ƙarƙashinsu, an yi ciniki da su, an kuma yi rigima. Saboda haka ba mu yi mamaki ba ranar da wani ɗalibi ya tare mu bayan darasi ya ce: «Mushe, su waɗannan mutane wane addini suke bi?» Muka ambata masa Buda da Tao, muka ce amma tarbiyyarsu ta gida da ta hukuma akasarinta daga wani malami ta samo asali, wanda Nasara suke kira Kwanfusiyus. Da muka shiga bayani cikin Hausa sai muka tarar kalmomi suna zuwa da sauƙin da ya sa mu zargin kanmu: ladabi, biyayya, kunya, mutunci, dattako. Ɗalibin ya saurara ya ce: «Ashe Bahaushe ne.»

Wannan sauƙin fassara shi ne abin da za mu bincika a cikin wannan ƴar maƙala. Za mu bi tarihin koyarwar malamin a taƙaice, sannan mu aza ta kusa da tarbiyyar da ƙasar Hausa ta gina wa kanta, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Misalanmu na baka mun samo su ne a Bande, a kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, inda muka yi aikin tattara kalmomin dangantaka da na gaisuwa. Kalmomin Sinanci mun bar su cikin rubutun boko da su ƴan Sin suke amfani da shi. Alamar k.M. tana nufin kafin Miladiyya.

2. Malamin ƙasar Lu

An haifi Kongzi, watau Malam Kong, a shekara ta 551 k.M. a wata ƙaramar ƙasa mai suna Lu, cikin lardin Shandong na yau, ya rasu a 479 k.M. Sunan Kwanfusiyus limaman Kirista na ɗariƙar Jezuwit suka ƙera shi da Latinanci, ya kuma bazu a Turai bayan fassarar da suka buga a Paris a 1687. A zamaninsa sarautar gidan Zhou ta zama suna kawai. Hakimai sun mai da kansu sarakuna, fadawa sun ƙwace ikon hakimai, ɗa yana kashe uba saboda gadon mulki. Malam Kong ya riƙe muƙami a Lu na ɗan lokaci, ya ajiye a wajen 497 k.M., ya yi shekara goma sha uku yana yawo daga fada zuwa fada yana neman sarkin da zai yi aiki da shawararsa. Bai samu ba. Ya komo gida ya ƙare rayuwarsa cikin almajiransa, su ne kuma suka tara maganganunsa a littafin da ake kira Lunyu.

Ginshiƙin koyarwarsa shi ne cewa bulala ba ta gyara jama'a. A ganinsa mutanen da ake tsare su da horo za su koyi dabarar kauce wa horon ne kawai, alhali waɗanda shugabansu ya gyara kansa, ya kuma saba musu da ladubba, za su ji kunyar aikata ɓarna ko babu dogari a kusa. Mengzi, wanda ya zo bayansa da ƙarni guda da ɗoriya, ya jera dangantaka biyar da zaman duniya ya rataya a kansu: sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Ya kuma ƙara wani abu da sarakuna ba su cika son ji ba, cewa azzalumin sarki ya riga ya zubar da sunan sarauta, don haka tuɓe shi ba tawaye ba ne.

Abin da malamin ya rasa da ransa, littattafansa sun samu bayan ransa. A 213 k.M. daular Qin ta sa aka ƙone littattafan malamai. Amma sarki Wudi na daular Han ya naɗa masana na musamman ga manyan littattafai biyar a 136 k.M., ya buɗe makarantar fada a 124 k.M. A zamanin daular Sui (581-618) aka fara ɗaukar ma'aikatan hukuma ta hanyar jarrabawa. Daga 1313 sharhin Zhu Xi (1130-1200) ya zama shi ne abin da ake tambaya a ɗakin jarrabawa, aka ci gaba a haka har 1905 da aka soke tsarin. Koriya da Biyetnam sun kwaikwayi wannan hanya, Japan ta ɗauki littattafan ta bar jarrabawar. Daga baya samarin 1919 suka ɗora wa malamin laifin ci bayan ƙasarsu, a 1966 ƴan juyin al'adu na Mao suka yi ɓarna a hubbarensa da ke Qufu, sannan a 2004 ita dai wannan gwamnati ta buɗe cibiyar farko ta koyar da Sinanci a ƙetare, a birnin Seyul, ta sa mata sunansa. Sarki goma, zamani goma.

3. Kalmomi uku

A wata lacca da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya tsamo halaye goma da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai nazarin harshe zai lura nan take cewa shida daga ciki, watau amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci, tushensu Larabci ne. Kunya da mutunci kuwa ƴan gida ne. Ke nan jerin kansa tarihi ne: tarbiyya ce mai hawa biyu, ta gargajiya a ƙasa, ta Musulunci a bisa, sun daɗe da haɗewa har mai magana ba ya jin wurin ɗinkin.

Kalmar da Malam Kong ya fi ɗaukakawa ita ce ren. Furucinta ɗaya da kalmar «mutum» a Sinanci, ana kuma rubuta ta da alamar mutum haɗe da alamar biyu. Masu fassara zuwa Faransanci sun sha wahala da ita, wani ya ce « humanité », wani ya ce « bienveillance ». Hausa ba ta da wannan wahala, domin ita ma ta bi hanya guda:

(1) mutum > mutunci
(2) ɗa > ɗiyauci
(3) dattijo > dattako

Mutunci abu ne da ba a riƙe shi a ɗaka. Ana ganin mutuncin wani, ana kiyaye shi, ana cin sa, ana zubar da shi, kuma duk waɗannan aikatau suna bukatar mutum na biyu. Bambancin shi ne ren hali ne da mutum yake nomawa a zuciyarsa, mutunci kuwa rabinsa yana hannun jama'a.

Misali na (2) da na (3) suna haskaka wata kalmar, junzi. Asalin ma'anarta ɗan sarki. Malam Kong ya ɗauke ta daga haihuwa ya mai da ita kan hali, har talaka mai tarbiyya ya cancanci sunan, ɗan sarki marar ita ya rasa shi. Haka «ɗa» a Hausa: da can kishiyar bawa ne, amma in an ce «wane ɗa ne» a yau, ana nufin ba ya cin amana, ba ya tona asiri. Dattijo, wadda muka aro daga Fulatanci, ta tashi daga furfura ta koma kan hali, shi ya sa ake samun yaro dattijo da tsohon banza.

Ta uku ita ce li, wadda ta haɗa hidimar kakanni da tsarin biki da makoki da yadda ake zama gaban babba. Mafi kusa da ita a wurinmu ita ce ladabi, daga al-adab na Larabci. Harafin l na farkonta ragowar al- ce da ta manne, kamar a lokaci da laifi da lahira. (Abin da ya faru da Larabci ya sake faruwa da Faransanci: lakwal daga « l'école », lanho daga « l'impôt ». Kowane mai iko ya bar mana l ɗinsa.) Abin sha'awa shi ne Musulmin Sin sun yi wannan gwama kalmomi tun kafin mu. Liu Zhi, malamin birnin Nanjin, ya rubuta littafi a farkon ƙarni na 18 yana bayyana shari'a da ladubban Musulunci ga masu karatun Kwanfusiyus, ya kuma sa kalmar li a cikin sunan littafin, Tianfang dianli.

Sai dai jerin dangantaka biyar na Mengzi ba zai ɗauke zaman Hausa ba. Babu maƙwabci a ciki, babu suruki, babu kuma abokin wasa. Tsakanin kaka da jika, ko taubashi da taubashi, ko Bagobiri da Bayarabe, ladabi shi ne a yi tsiya. Wanda ya gaida taubashinsa da sunkuyar da kai ya yi laifi. Wannan al'ada, wadda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, ƙofa ce da tarbiyyar Hausa ta bari a buɗe don kada nauyin kunya ya shaƙe mutane.

4. Sunan da ba a faɗi

A nan ne kamar ta fi ƙarfi, a nan ne kuma ta fi shafar sana'armu. A Sin ta da, ba a furta sunan yanka na uba ko na sarki, ba a kuma rubuta shi. Sunan sarki Taizong na daular Tang shi ne Li Shimin. Saboda gaɓar min da ke cikin sunan, aka sauya wa ma'aikatar kuɗi da ƙidayar jama'a suna daga Minbu zuwa Hubu, sunan da ta riƙe fiye da shekara dubu. Mawaƙi Li He (790-816) an hana shi shiga babbar jarrabawar jinshi don gaɓar farko ta sunan jarrabawar ta yi daidai da ta sunan mahaifinsa, Jinsu. Babban marubuci Han Yu ya rubuta takarda yana kare shi, bai yi amfani ba. Mutuwa ma an raba mata kalmomi har biyar, daga ta sarki zuwa ta talaka.

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san wannan. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko malam, ko «shi». Uwa ba ta kiran ɗan fari da sunansa, wata ma ba ta yi masa magana gaban mutane. Yaron da ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Baba ko Maisuna, yarinya ta zama Ummi ko Inna. Usmanu ya zama Shehu don girmama Ɗan Fodiyo, Musa ya zama Kalla. Jaki ya mutu, mutum ya rasu, waliyyi ya ƙaura.

A Bande mun zauna da wata dattijuwa muna tambayar ta sunayen garuruwan da ake ratsawa in za a je Damagaram. Ta lissafa su da kyau, amma da ta iso wani wuri sai ta ce «sai garin nan na kan hanya», ta wuce. Muka nanata tambaya, ta nanata amsa, matan da ke wurin suka fashe da dariya. Daga baya wata ta raɗa mana cewa marigayi mijinta ana ce masa Dogo, garin kuwa sunansa Dogo. Mijin ya yi shekaru a ƙasa, amma garin bai samu sunansa ba a bakinta. Mu da muka zo da takardar tambayoyi da aka tsara a ofis, mu ne marasa kunyar wurin. Wannan ya kamata ya zama gargaɗi ga masu ƙidaya da ma'aikatan asibiti da malaman lakwal, waɗanda suke ɗaukar shirun uwa a matsayin jahilci in an tambaye ta sunan ɗanta.

Amma kada sha'awar al'ada ta rufe mana ido. Kunyar da ta hana dattijuwa faɗin Dogo ita ce kuma take ɗaure bakin yarinya ranar da aka ba da ita, a ce shirunta yarda ne. Samarin Sin na 1919 a nan suka kama malaminsu, domin magadansa sun koyar da cewa mace tana bin uba, ta bi miji, ta bi ɗa. A wurinmu sukar ta fito daga cikin gida tun da wuri. A littafinsa Nurul Albab Shehu Usmanu ya zargi malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci suna yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai. Ƴarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa ƴan taru don kai karatu ga matan ƙauye.

5. Malami da fada

Ƙasar Hausa ta yi malamai masu yawo daga fada zuwa fada da shawara a jaka. Muhammadu al-Magili, mutumin Tilimsan, ya ratso Ayar ya iso Kano a wajen 1492, zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa littafi mai babi takwas kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki yana ta nanata haɗarin sarkin da ya shige gida ya bar fadawa tsakaninsa da talakawa. Daga nan ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu (1754-1817) da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka ɗauko rubuce-rubucensa suka yi hujja da su a jihadin 1804.

Cikin su ukun, Abdullahi ne ya fi tuna mana da malamin Lu. Ana tsakiyar nasara ya ga jama'a sun karkata ga ganima da dawaki da riguna, ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas. Ya tsaya Kano a wajen 1807, mutanen gari suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki, ya rubuta Diya'ul Hukkam, sannan ya koma. Bello kuwa ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina Usulus Siyasa. Dukkansu sun tsaya kan cewa gyaran talaka yana bayan gyaran mai mulki, kamar yadda Malam Kong ya tsaya. Tushen hujjar ne ya bambanta. Su suna magana da Alƙur'ani da Sunna da hisabin gobe, shi kuwa yana magana da misalin sarakunan farko, ya kuma ƙi zurfafa zance kan abin da ke bayan mutuwa.

Babban rabuwar hanya tana wajen jarrabawa. Sin ta gina gada daga allo zuwa muƙami: ɗan manomi, in gidansu ya iya ɗaukar nauyin shekarun karatu, yana iya zama hakimin lardi. Ƙasar Hausa ba ta gina wannan gada ba. Sarauta gado ce ko kyautar sarki, karatu kuwa hanya ce daban. Ban da alƙalanci da limanci, malamin da ake girmamawa shi ne wanda ya nisanci fada, «malamin fada» kuwa kusan zagi ne. Gardin da ya bar ƙauyukan Magarya da Dungas ya tafi gabas neman Alƙur'ani yana komowa da hadda da sunan alaramma, ba ya komowa da rawani. Jarrabawar shiga aikin hukuma Faransa ce ta kawo mana ita. Masana irin su Voltaire da Quesnay sun yaba tsarin Sin a ƙarni na 18, kuma masu tarihi suna muhawara kan yawan tasirin wannan yabo a kan « concours » na Turai. Ko yaya ne, gadar da aka kawo an aza ta ne daga lakwal, aka bar tsangaya a wancan ƙetaren, kuma har yau muna biyan kuɗin wannan.

Sai mu tuna cewa Bande ba ta taɓa zama ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Kudancin wannan jaha ƙasar Sosebaki ce, watau Mirya da Waca da Dungas, da kuma ta zuriyar sarakunan Daura na Haɓe da jihadi ya kora. Damagaram, mai biyan gaisuwa ga Barno, ta mamaye su, musamman a zamanin Tanimun (1851-1884), mai ganuwa da igwa. Littattafan Fodiyawa sun shigo nan ta jakar malamai, ba ta bakin takobi ba, shi ya sa ladabin fada na da ya daɗe a nan bai girgiza ba.

6. Sarki ko « chef de canton »

Akwai wata koyarwa ta Malam Kong da ake kira zhengming, gyaran sunaye. An ruwaito cewa ya ɗauke ta a matsayin aikin farko na mai mulki. Ma'anarta ita ce kowane suna alkawari ne: wanda ake kira uba akwai abin da ake bin sa, haka wanda ake kira sarki. In suna ya rabu da aiki, magana ta lalace, umarni da hukunci su bi ta.

Shehu Usmanu ya yi irin wannan aiki a Kitabul Farƙi. Ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin Haɓe da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, wadda kalmar ladabi ce aka lulluɓe cin hanci da ita. Ya soki har sunayen sarautu irin su galadima da ubandawaki, yana son a koma ga amiri da waziri da alƙali. Tarihi bai bi shi ba a nan. Kafin ƙarni ya ƙare galadima ya komo, jangali ya komo, amirin Kano kuwa a bakin Bakano sarki ne.

Abin da ya faru a Damagaram ya fi wannan tsanani. Sojan Faransa sun ci Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, aka kashe sarki Amadu Kuran Daga a wannan shekara. A 1906 aka zargi Amadu ɗan Basa da shirya tawaye, aka tuɓe shi aka kai shi Kodebuwa, aka ɗora Ballama, bawan fada, aka yanyanka ƙasar. Sai 1923 aka mai da sarautar ga Barma Mustafa. A tsakanin nan aka haifi wani sabon abu mai suna biyu. A takardar kumandan shi « chef de canton » ne, ma'aikaci mai tara lanho da ƴan aikin tilas, ana naɗa shi ana tuɓe shi, ana ba shi ladan abin da ya tara. A bakin talaka kuwa sarki ne, ana ce masa ranka ya daɗe, ana cire masa takalmi. Kalmar Faransanci ta faɗi abin da yake yi wa na sama, kalmar Hausa ta riƙe abin da na ƙasa yake yi masa. Abin da ya faɗi a tsakanin harsunan biyu shi ne haƙƙin da talaka yake bin sarki: buɗe rumbu ranar yunwa, sauraron ƙara, tsare iyaka. An soke aikin tilas a 1946, amma tsagar ba ta rufe ba.

Samarin NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da na Sawaba ta Jibo Bakari a wannan gefen iyaka, ta wannan tsaga suka shiga. Karin maganar da ke cewa bin na gaba bin Allah, wadda fada take so, sun amsa ta da tambayar Mengzi ba tare da sun san shi ba: in na gaban ya bar hanya fa? Dokokin sarautar gargajiya na 1993 da na 2015 sun sa sarki cikin tsarin hukuma, sun ba shi ikon sasanta rigimar gona da ta aure. Zaɓen 2004 kuma ya kawo wa Bande da sauran garuruwa « maire », muka rasa abin da za mu kira shi sai muka ɗauko tsohuwar sarautar magajin gari muka yafa masa. Mu masu tsara ƙamus da littattafan makarantun gwaji, waɗanda aka fara da Hausa a Damagaram a 1973, muna yin irin wannan zaɓi kullum, sau da yawa cikin gaggawa, ba tare da mun tambayi alkawarin da tsohuwar kalma take ɗauke da shi ba.

7. Durƙuso

Saura tambayar ɗalibinmu: addini ne? Turai ta yi fiye da shekara ɗari tana wannan gardama. Matteo Ricci (1552-1610) da ƴan ɗariƙarsa sun ce sunkuyawar da ƴan Sin suke yi gaban allunan kakanni da na Malam Kong ladabi ne na zaman duniya, don haka wanda ya shiga Kiristanci yana iya ci gaba da yi. Wasu limamai suka ce bauta ce. Sarki Kangxi da kansa ya goyi bayan ƴan Jezuwit a 1700, amma Fafaroma ya haramta a 1704, aka ƙarfafa haramcin a 1715 da 1742. Sai 1939 aka janye shi.

Wannan gardama tana cikin zaurukanmu. Kitabul Farƙi ya soki zuba ƙasa a ka gaban sarki, watau afi. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, wadda wa'azinta ya ƙetaro zuwa Maraɗi da Damagaram cikin shekarun 1980, ta faɗaɗa sukar har ta kai ga durƙuso gaban iyaye da malamai, bisa hujjar cewa ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai. Dattawa suka ce ɗan da ya miƙa wa ubansa hannu a tsaye ya fita daga tarbiyya. An yi gidajen da uba da ɗa suka daina cin tuwo tare a kan wannan. Harshen kansa ya tanadi matakai da yawa tsakanin tsayuwa da sujada:

(4) ya rusuna / ya tsuguna / ya durƙusa / ya faɗi gaisuwa / ya yi afi

Rigimar duka tana kan inda za a ja layi cikin wannan jeri, kuma kowane gida yana ja a inda ya iya.

A wani gida a Bande mun ga yadda aka yi. Ɗan gidan ya komo daga karatu a Kano da ra'ayin barin durƙuso. Da safe in ya shigo zaure, uban yana bisa buzu, sai ya cire takalmi, ya yi sallama, ya sauka ƙasa da sauri a gefen tabarma, gwiwa ɗaya a tashe, sannan ya fara gaisuwa, kansa ƙasa da na tsohon. Muka tambaye su daban daban wane aikatau ya dace da abin da muka gani, don mu cike takardarmu. Saurayin ya ce: «Ai zama na yi, Malam.» Da muka koma wurin tsohon, ya dube mu kamar mun tambaye shi ko rana tana fitowa daga gabas, ya ce: «Yaron nan? Durƙusawa yake yi mana. Ƙafarsa ce ke ciwo.»